Fatsa A Ruwan Kaka

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma bakin kogi zan kai ku.

Mutanen da ba su tashi kusa da ruwa ba suna ɗauka cewa da zarar kogi ya ja baya, kamun kifi ya zo da sauƙi. Lissafin nasu bai da wuyar ganewa: ruwa ya ragu, kifi bai ragu ba, saura kwasa. Ga mai taru da mai birgi, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ga mai fatsa kuwa, babu lokacin da kifi ya fi wuyar sha'ani kamar daga ƙarshen Oktoba zuwa shigowar hunturu, sa'ad da dawa ta nuna a gona, ruwa kuma ya kwanta ya yi garau.

Ni ɗan bakin Kogin Jama'are ne, wanda a can sama ake kira Bunga. Daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa Jihar Bauchi, ya je ya haɗu da ruwan Kogin Haɗeja a fadamun Haɗeja da Nguru, daga nan su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Kogin Haɗeja yana da masu riƙe masa linzami: madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992. Idan an buɗe ƙofa ruwa ya zo ko da rani ne, idan an rufe ya tsaya. Namu ba shi da babbar madatsa. Ta Kafin Zaki tun kafin a haife ni ake maganarta, har yau ba a gama ba. Saboda haka kogin namu sama kaɗai yake bi. A watan Agusta ja ne wur, yana ɗauke da itatuwa da karan gonakin mutane. Kafin Nuwamba ya ƙare rairayi ya fito fili, kogin ya rabu gurbi-gurbi, da ɗan siririn ruwa tsakaninsu wanda yaro zai naɗe wando ya tsallake.

A waɗannan guraben kifin kogi yake taruwa. Kana tsaye a gaɓa za ka hango karfasa suna shawagi, ka ga garken kawara suna walƙiya, wani lokaci ka ga inuwar babban abu ta gifta a ƙasa, gabanka ya faɗi. Ka jefa ƙugiya da tana mai rai, ka zauna har ƙafa ta yi tsami, ko taɓawa ba za su yi ba. Wannan tanar ce fa a watan Agusta suke rububinta.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, masunci ne tun tasowarsa, kuma a wurinsa na koyi riƙon fatsa. Bayaninsa gajere ne. "Kai ɗan nan, da damina kifi da hanci yake cin abinci. Da kaka da ido yake ci." Idan ruwa ya yi ja, kifi ba ya ganin zare, ba ya ganin ƙugiya, ba ya ganinka, wari kawai yake bi. Idan ruwa ya tace, komai a fili yake. Karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma, a gari ana yin ta ne ga wanda yake ɓoye abin da kowa ya riga ya gani. A bakin gurbi ba karin magana ba ce, bayanin aiki ne.

Dokokin Kawu na wannan lokaci ba su da yawa, amma ba ya sassauta ko ɗaya. Ba a zuwa da farar riga. Ba a tsayawa a tsaye a gaɓa, durƙusawa ake yi tun daga nesa a ƙarasa da rarrafe. Ba a bari rana ta zama a bayanka ta jefa inuwarka kan ruwa. Ba a buga ƙafa. Magana ma bai cika damuwa da ita ba kamar taku, ya ce kifi ba ya jin hirarka sosai amma yana jin dugaduganka. Zaren damina mai kauri a naɗe shi a ajiye, a ɗauko siriri kamar gashin jelar doki. Ƙugiya ƙarama. Dalma a cire ta gaba ɗaya, ko a bar ɗan mitsitsi. Guntun silifas ɗin nan da muke ɗaurawa don ya nuna mana cizo, shi ma a cire, domin faɗuwarsa a kan kwantaccen ruwa kaɗai ta isa ta watsa garke. Lokaci kuma biyu ne: daga sallame asuba zuwa rana ta ɗaga, sai daga la'asar sakaliya zuwa magariba.

Sai da na shiga kwalejin kimiyya da fasaha na gane dalilin durƙuson nan a takarda. A darasin haske an koya mana cewa haske yana karkacewa idan ya fito daga iska ya shiga ruwa, shi ya sa sanda take kamar ta karye idan ka tsoma rabinta. Sakamakon wannan ga kifi abin mamaki ne. Duk duniyar da ke saman ruwa, daga wannan gaɓa zuwa waccan, a cikin wata da'ira guda yake ganinta a saman kansa, kamar taga, mai faɗin kusurwa wajen digiri 97. Abin da ke wajen da'irar madubi ne kawai yana nuna masa ƙasan ruwa. Abin da ya yi tsayi yana fitowa sarai a cikin tagar. Abin da ya yi ƙasa-ƙasa kusa da fuskar ruwa kuwa yana matsewa a bakin da'irar, ya dushe. Wato mai tsaye hoto ne ɓaro-ɓaro, mai durƙuso kuma ɗan duhu ne a gefe. Idan iska ta kaɗa fuskar ruwa tagar tana wargajewa, shi ya sa Kawu yake son ɗan iska-iska, yake ƙin ranar da ruwa ya kwanta kamar faranti. Maganar taku ma tana da tushe: kifi yana da wani layi a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya wanda da shi yake jin motsin ruwa. Na dawo hutu na zana wa Kawu da'irar a kan rairayi, na yi ta bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To madalla. Ashe su ma sun sani."

Wannan "su ma sun sani" ta sake fitowa daga bakinsa ranar da na nuna masa wani bidiyo a YouTube. A Ingila da Sikotilan da Amurka akwai wani salon fatsa da ba a sa wa ƙugiya abinci na gaske. Ana ɗaura mata gashin tsuntsu da zare da ɗan gashin dabba har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta a kan ruwa kamar ƙwaron ne ya faɗo. Da yake ƙwaron bogin ba shi da nauyi, zaren ne ake yi mai nauyi, shi ake wurgawa gaba da baya a iska kamar bulala har ya miƙe, a ƙarshensa kuma akwai wani siririn zare da ido da ƙyar yake gani. Kifin da suka fi nema da shi wani kifin ruwan sanyi ne da suke kira tirawut. Nasu lokacin wahalar shi ne Satumba zuwa Oktoba, idan zafin shekara ya wuce ya bar koguna a ƙasa, ruwa ya yi garau. Abin da suke yi a lokacin shi ne su ƙara wa siririn zaren tsayi, su rage girman ƙwaron, su sa tufafi masu duhu, su bi kifi ta bayansa tunda kullum kansa yana fuskantar inda ruwa yake tahowa.

Kawu ya karɓi wayar ya kafa mata ido. Baturen yana rarrafe a bakin wani rafi, gwiwa a ƙasa. "Wannan ya san ruwa," in ji Kawu. "Dubi inda ya ajiye inuwarsa." Kifi ya taso ya kama, baturen ya yi ta fama har ya jawo shi cikin 'yar koma, ya cire ƙugiya, ya riƙe shi a cikin ruwa ɗan lokaci, ya sake shi ya tafi. Kawu ya ɗago ya dube ni.

"Ya kuɓuce masa ne?"

"A'a Kawu, da gangan ya sake shi."

"To me ya fito yi?"

Na yi dariya, amma ƙwaron nan ya tsaya mini a rai. Da kaka fara tana cika gonakin bakin kogi, iska tana kaɗo ta cikin ruwa, kuma kawara ba ta barin ta ta yi minti guda a sama. Na samo gashin zabo, na yanko ɗan siririn silifas na yi jiki da shi don ya yi iyo, na naɗe da zaren ɗinki a kan ƙaramar ƙugiya, na bar gashi biyu a baya kamar ƙafafu. Ba ni da zarensu mai nauyi, ba ni da sandarsu, kuɗinsu ma ba na ɗan difloma mai neman aiki ba ne. Sai na sami doguwar sanda, na ɗaura siririn zare, na zauna ta inda iskar gabas take busowa daga bayana, na ɗaga sandar na bar iska ta ɗauki ƙwaron ta riƙa dangwala shi a kan ruwa tana ɗagawa. Zare bai taɓa ruwa ba sam, ƙwaron kaɗai. Daga baya na karanta cewa a manyan tafkunan Ayalan haka suke yi daga cikin kwale-kwale, da doguwar sanda da iska, wani lokaci ma da fara ta gaske.

Kawara bakwai na kama a yammacin nan. Yadda suke ɗaukarsa ya bambanta da cizon tana, inda kake jira ka ji a hannu. Wannan da idonka kake gani: ruwa ya tsage, azurfa ta juya, ƙwaro ya ɓace. Kawu ya juya abin a tafin hannunsa, ya shinshina, ya ce ga fara kyauta a gona, mutum ya zauna yana ɗinka wata. Yana da gaskiya ta wani ɓangaren, don fara ta gaske ta fi kamu, karfasa ma da wuya ta kula ta bogin. Amma fara ta gaske ƙananan kifi suna tsinke ta daga ƙugiya kafin babba ya iso, kuma kowane kamu sai ka sa sabuwa, kana motsi, kana tashi, garke yana watsewa. Tawa guda ɗaya ta yi aikin yamma ɗungurungum. Bayan kwana biyu na ga gashin zabo a aljihun rigarsa. Ban tambaya ba, shi ma bai ce komai ba.

Tambayarsa ta "me ya fito yi" ita ce na daɗe ina juyawa. Ba zan tsaya a nan in ce wa mai iyali ya saki kifin da zai zama cefanen gidansa ba. Wanda ya ƙoshi ne yake kamu don nishaɗi, kuma babu laifi a faɗi haka. A Kogin Faro na Kamaru, wanda yake shigowa Binuwai a Jihar Adamawa, baƙi suna biyan maƙudan kuɗi su zo da rani su kama giwan ruwa da tsage da irin wannan ƙwaron bogi, su ɗauki hoto su saki. Wannan harka ce ta masu hali. Amma a ƙarƙashin sakin akwai wani tunani wanda ba baƙo ba ne a wurinmu. Kifin da ya taru a gurbi lokacin ƙarancin ruwa ba shi da wurin gudu, kuma shi ne irin baɗi. A Ingila ana rufe kamun tirawut a koguna daga wajen Oktoba, don lokacin ne yake shirin zuba ƙwai. A Jihar Montana ta Amurka, idan ruwa ya yi ƙasa ya kuma ɗumama zuwa wajen digiri 23 kwana uku a jere, hukuma tana hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Dalilin shi ne ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, kifin yana cikin wahala tun kafin ƙugiya ta same shi.

Namu kifin ya fi nasu juriya. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a taɓo. Gaiwa tana shiga ƙasa ta lulluɓe kanta ta kwana rani cur tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Amma giwan ruwa da ragon ruwa da tsage da kawara ba su da wannan dabara. Gurbi ne kaɗai gidansu daga kaka har faɗuwar ruwa. Waɗanda suka tsira a ciki su ne suke bazuwa idan kogi ya cika ya malala fadama, su hayayyafa. Kakanninmu sun san haka ba tare da ma'aunin zafi ba. Shi ya sa manyan gurabe suke da mai su. Sarkin ruwa yana rufe su da zarar kogi ya rabu, a bar mai fatsa ya kama na miya, amma taru da koma ba sa shiga sai ranar su, ranar da gari duka zai fito a yi kamu na yini guda a tashi. Bikin Argungu da duniya ta sani, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, wannan tsarin ne ya girma. Mutane suna kallon dubban masunta da goruna da koma suna rugawa cikin Matan Fada, suna mamakin girman kifin da ake fitarwa. Ba su cika tambayar abin da ya sa kifin ya kai wannan girma ba. An hana kamu a wurin ne sauran watannin shekara.

A garinmu wannan hani ya yi rauni. Da farko gidan sauro ne. Wanda aka raba don maganin zazzaɓi, shi ake ɗinkewa biyu ko uku a ja a ƙananan gurabe, kuma idonsa ba ya barin komai, har kifin da bai kai ɗan yatsa ba. A shanya su a kan buhu a sayar da gwangwani. Sannan aka zo kan guba.

Shekara uku da suka wuce, a ƙarshen Nuwamba, wani ya zuba maganin ƙwari a babban gurbin da ke ƙasan garinmu da daddare. Da asuba muka tarar da fuskar ruwa ta yi fari da cikin kifi. An riga an kwashe manyan kafin gari ya waye, abin da aka bari shi ne wanda ba a iya ɗauka ba: ƙananan karfasa, ƙurungu, kwaɗi, kaguwa, har minjirya. Wani wari yana tashi kamar na shagon kayan feshi. Fulanin da suke shayar da shanu a wurin suka juya da garkensu suka tafi neman wani ruwan. Kawu ya tsaya a tsaye a gaɓa, karo na farko da na ga ya yi haka a wannan gurbi, don babu sauran wanda zai gan shi. Ya ce kada kowa a gidanmu ya ɗauki ko ɗaya. Wasu sun ɗauka. Manyan da aka kwashe kuwa banda aka yi musu, suka shiga kasuwa, kuma wanda ya saya a can nesa ba shi da hanyar sanin abin da ya kashe su.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kamu da guba da nakiya da lantarki. Takarda ce mai kyau, amma ba ta kwana a bakin kogi. A gari kowa yana da wanda yake zargi, babu wanda ya faɗa a fili, domin duk wanda za ka ambata ɗan wani ne, surukin wani ne. Na ji masu cewa talauci ne. Talauci gaskiya ne, na san yadda shekarar ta kasance. Amma Kawu ma talaka ne, kuma daga wannan gurbin yake fitar da kuɗin makarantar 'ya'yansa huɗu tsakanin kaka da bazara, kifi biyar yau, takwas gobe. Dare guda ya cinye masa wata shida. A ranin nan lodin yashi ya koma yi, mutumin da ya haura hamsin. Da ruwa ya dawo kogi ya wanke gurbin, ƙananan kifi suka dawo, amma inuwar nan babba da take giftawa a ƙasa ban sake ganinta ba sai bana.

Wannan ne ya sa nake ganin fatsa a ruwan kaka ta fi ƙarfin a kira ta wasan yara, kamar yadda wasu masu taru suke yi mana ba'a. Mai fatsa ɗaya-ɗaya yake ɗauka, kuma wanda ya yarda ya ci ne kawai. Mafi wayo da mafi girma yawanci suna gane zaren su wuce, su ne kuma masu ƙwai da yawa. Kawu da yake mamakin baturen, shi kansa duk kifin da bai kai tafin hannunsa ba cire shi yake yi ya mayar, yana cewa je ka girma ka dawo. Da na tuna masa, sai ya ce ai wannan daban, shi ajiya yake yi.

Bana dattawa sun zauna da sarkin ruwa da mai gari da wakilin Fulani tun ruwa bai gama ja ba. An rufe manyan gurabe uku zuwa ranar su, wadda za a sa bayan sanyi ya wuce. Fatsa an yarda, taru da gidan sauro babu. Samari kuma za su riƙa kwana a bakin ruwa bi da bi, mutum huɗu kowane dare, da tocila da usur. Ba kowa ya ji daɗi ba. Akwai masu cewa ruwa na Allah ne, babu mai rufe shi, kuma biyu daga cikin waɗanda aka rubuta sun daina zuwa tun mako na biyu. Ni daren Alhamis ne nawa. Sanyi ya fara sauka, muna hura wuta nesa da gaɓa a bayan wani tudun rairayi don kada haske ya faɗa ruwa. Wajen ƙarfe uku na dare, idan hira ta mutu, akan ji ƙananan kifi sun watse a guje a saman gurbin, sai wani abu mai nauyi ya bugi ruwa sau ɗaya. Kawu ya ce giwan ruwa ce take farauta, kuma daga ƙarar ya ƙiyasta ta kai tsawon hannunsa har kafaɗa. Ya hana ni jefa mata komai sai ranar su.